Sauka Ka Huta: Wa Yake Samun Hutun?

A garin Minna, babban birnin Jihar Neja, akwai wata unguwa da ake kira Sauka Kahuta. Sunan na Hausa ne, ma'anarsa kuwa a fili take: matafiyi ya sauke kayansa ya huta. Amma ba kowa ne yake samun wannan hutu ba. Tun kafin gari ya waye za ka ji ƙarar bokitai da jarkoki, kuma yawancin masu ɗauke da su mata ne da 'yan mata.

Ni malamin harshe ne. Na taɓa koyar da wata ɗaliba daga wannan unguwa mai yawan gyangyaɗi a aji. Na sha yi mata faɗa, domin na ɗauka lalaci ne. Wata rana na ba ajin aikin insha'i mai taken "Abin da Na Yi Jiya". Ta rubuta cewa ta tashi da ƙarfe huɗu da rabi na asuba, ta ɗebo ruwa, ta share tsakar gida, ta yi wa ƙannenta wanka. Bayan makaranta ta tafi Islamiyya, ta dawo ta kama girki da wanke-wanke. Ba ta buɗe littafi ba sai ƙarfe goma na dare. Yayanta kuwa ƙwallo ya je da yamma. Da na lissafa, sai na ga barcinta bai kai awa shida ba. Ranar na ji kunyar faɗan da na yi mata.

Abin da na gano a makare, masana sun daɗe suna bincike a kansa. A shekarar 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa wani kwamiti a ƙarƙashin Farfesa Michael Marmot na Ingila. Rahoton da kwamitin ya fitar a 2008 ya nuna cewa lafiyar mutum tana da alaƙa mai ƙarfi da yanayin da aka haife shi, da inda ya girma, da inda yake zaune, da irin aikin da yake yi. Wasu masanan kuma lokaci suke aunawa. Sukan nemi mutane su faɗi duk abin da suka yi cikin awa 24, sa'an nan su kwatanta amsoshin. A 2016 hukumar UNICEF ta bayyana cewa a duniya, lokacin da 'yan mata masu shekara 5 zuwa 14 suke ɓatawa a aikin gida ya fi na yara maza da kashi 40 cikin ɗari. Likitocin barci kuwa sun ce matashi mai shekara 13 zuwa 18 yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10 kowace rana. Idan bai samu ba, hankalinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, yakan yi mantuwa da saurin fushi.

Wani zai ce aikin gida tarbiyya ne. Gaskiya ne, kuma ba na goyon bayan yaro ya tashi bai iya shara ba. Amma idan tarbiyya ce, me ya sa za a hana ɗa namiji rabonsa? Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan yaya ya ɗebo ruwa, ƙanwa ta yi shara, kowa zai sami lokacin karatu da na barci.

Ba iyaye kaɗai wannan magana ta shafa ba. Daga madatsar Tagwai ake samun ruwan famfo na Minna, kuma duk gidan da ruwan ya isa ƙofarsa, an mayar wa wata yarinya lokacin da take ɓatawa a hanyar rijiya. Mu malamai, ya kamata mu tambayi ɗalibi dalili kafin mu hukunta shi. Ku ma ɗalibai kuna da naku alhakin, domin wanda ya raba dare yana danna waya shi ya hana kansa barci.

Ga shawarata. A cikin makon nan ku ɗauki takarda ku rubuta yadda kuka yi da awa 24 ɗinku, daga tashi har kwanciya. Ku kwatanta da ta 'yan'uwanku maza da mata, sa'an nan ku nuna wa iyayenku cikin ladabi. Wataƙila a ranar ne za a gane wanda ya kamata a ce wa, "Sauka ka huta."