Wa Ya Ƙirga Buzuzu?

A jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu, magabata sun bar mana zanen shanu. Ba su zana buzuzu ba, kuma har yau ba mu daina raina shi ba. Alhali shi ke binne kashin shanu, ya mayar da shi taki, ya hana ƙuda da tsutsar ciki wurin hayayyafa.

Masu cewa ƙwaro ba ya ƙarewa, ina hujjarsu? Kundin ƙungiyar IUCN, wanda tun 1964 yake tantance halittun da ke fuskantar ɓacewa, bai auna ko kashi 2 cikin 100 na ƙwarin da aka sani ba. Idan babu sunan buzuzunmu a ciki, ba lafiyarsa aka tabbatar ba, duba shi ne ba a yi ba. Ga shi kuwa allurar ivermectin da ake yi wa shanu tana fita cikin kashi ta kashe 'ya'yansa, burtali kuma yana komawa gona.

Ostireliya ta ɗanɗana rashinsa. An kai shanu can, buzuzun ƙasar ya kasa da kashinsu, ƙuda ya addabi jama'a, sai da ta sa kuɗi ta shigo da na Afirka tun daga ƙarshen shekarun 1960. Mu da muke da shi kyauta, ko irinsa nawa ne a Gwaram ba mu rubuta ba.

Ƙirgar ba tsada gare ta ba: bokiti a binne, ɗan kashi a bakinsa, a leƙa da safe, damina bayan damina. Jami'ar Tarayya da ke Dutse ba ta da nisa da ruga.