Kafin Ka Sa Magagari A Maƙogwaron Injin Motar Gida

Wannan makon bonet za mu ɗaga.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, duk mai mota a Haɗeja ya koma mai lissafi, dabaru kuma suka yi yawa. Ɗaya daga cikin waɗanda ke yawo a wayoyin samari masu sha'awar kanikanci ita ce a kwance maƙogwaron inji a gida, a goge cikinsa da magagari da samfefa har ya ƙara faɗi. Wai iska za ta fi shiga, mota ta ƙara ja, mai kuma ya ragu. Motar da za a yi wa wannan aiki kuwa galibi ta Baba ce ko ta Yaya, wadda ake lodin Kano ko Gumel ko Nguru da ita, ko ake kwaso buhunan shinkafa daga Auyo. Abincin gida ke nan. Don haka kafin kowa ya ɗauki sifana, mu zauna mu yi lissafi.

Mene ne maƙogwaron inji?

Idan ka bi babban tiyon da ya fito daga akwatin matatar iska, wato iyakilina, zai kai ka ga wani gajeren bututu na alminiyom da ke manne da inji. Shi ne maƙogwaron, wasu makanikai kuma kan ce masa bakin injekta. A cikinsa akwai faifan ƙarfe kamar murfin gwangwani, ɗaure a kan sanda. Idan direba ya taka totur, faifan ya juya ya buɗe hanya. Idan ya ɗaga ƙafa, ya koma ya rufe, sai 'yar iskar da za ta riƙe inji a silo. A tsofaffin motoci igiyar ƙarfe ce ke jan faifan. A mafi yawan motocin zamani kuwa, ƙaramin injin lantarki ne ke juya shi bisa umarnin kwamfutar mota, wadda makanikai ke kira birenbos.

Ke nan totur iska yake buɗewa. Kwamfuta ce ke auna iskar da ta shiga, ta fesa man da ya dace da ita. Ma'aunin kuwa sananne ne: kilo 14.7 na iska ga kilo ɗaya na fetur. Idan aka mayar da shi lita, kowace lita ɗaya ta fetur tana buƙatar iska kimanin lita 9,000. Inji mai lita 1.8, irin na Corolla da yawa da ke kan titunanmu, yana cika cikinsa sau ɗaya a kowane juyi biyu. Idan yana juyi 3,000 a minti kuma totur na ƙasa, iyakar abin da zai zuƙa bai wuce lita 2,700 a minti ba.

Hujjar masu gogewa

Masu wannan aiki suna da hujjarsu, kuma daga darasin lissafi suka samo ta. A ce faɗin bututun milimita 55 ne, aka goge shi ya koma 57. Filin da iska ke bi ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin 100, domin filin da'ira yana tafiya ne da faɗi sau faɗi. Wasu har sukan rage kaurin sandar faifan, su fiƙe bakinsa. Masu motocin tsere suna yin irin wannan, to amma su sun riga sun canza bawul da salansa da tsarin kwamfuta, kuma suna da na'urar auna iska da ta auna ƙarfin inji, suna gwadawa kafin aiki da bayansa.

Motar haya fa? Daga Haɗeja zuwa Kano, sau nawa direba ke manna totur da ƙasa? Sai dai wajen wuce tirela, na 'yan daƙiƙoƙi. Sauran tafiyar duk faifan a ɗan buɗe yake, shi ne ke tare iskar da gangan. Idan ka faɗaɗa bututun, abin da zai faru shi ne ƙafar direba za ta rage taku kaɗan, iskar da ke shiga kuma tana nan yadda take. Da yawa sukan ji motar tana zabura da an taɓa totur, su ɗauka ƙarfi ne ya ƙaru, alhali faifan ne kawai ke sakin iska da wuri.

Ko da totur na ƙasa, maƙogwaro ƙofa ɗaya ce cikin ƙofofi da yawa. Iska sai ta bi matata, ta bi tiyo, ta ratsa bawul, hayaƙi kuma ya fita ta salansa. Mu mutanen fadama mun san wannan darasi. Inda ciyawar kacalla ta toshe hanyar ruwa, kamar yadda ta yi a sassan Kirikasamma da Guri, ko an faɗaɗa ƙofar ruwa a sama, gonar ƙasa ba za ta ga ƙari ba. Wurin da ya fi matsewa shi ke yanke hukunci. Kamfanin da ya ƙera motar kuwa ya riga ya auna maƙogwaron daidai da iyakar numfashin injinsa.

Batun rage shan mai ma bai tsaya ba. Tunda kwamfuta na bin ma'aunin 14.7, duk ƙarin iskar da ta shiga, ƙarin mai zai bi ta.

Garin neman gira

Abin da magagari zai iya ɓatawa ya fi abin da zai gyara. Tazarar da ke tsakanin faifan da bangon bututu, idan ya rufe, siririya ce ƙwarai. Da ka ci wurin ko kaɗan, iska za ta riƙa sata, silo ya hau sama ko ya riƙa hawa da sauka, motar na ƙona mai tana tsaye a tasha. Ƙarfen da aka goge ba ya dawowa, sai dai a nemi wani a kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa a Kano.

Garin alminiyom da ya maƙale a lungu zai bi iska ya faɗa cikin silinda. Ƙananan kusoshin da ke riƙe faifan an danne kansu ne tun daga kamfani don kada su kwance; idan aka taɓa su ɗaya ta sulale, inji zai haɗiye ta. Mafi muni shi ne faifan da ya karkace ya maƙale a buɗe, mota na gudu da fasinjoji, direba ya ɗaga ƙafa amma ta ƙi saurarawa. A nan maganar ta wuce ta kuɗi.

Abokan gāba uku na gaskiya

Abubuwan da ke shaƙe inji a ƙasarmu daban suke. Na farko ƙura. Hazon hunturu da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, da ƙurar hanyoyin karkara, su ke cika matatar iska. Wani binciken da cibiyar Oak Ridge ta Amurka ta fitar a 2009 ya nuna cewa matatar da ta toshe tana rage wa mota mai injekta ƙarfin ja, ko da yake ba ta ƙara mata shan mai sosai ba. Mota mai kafireta kuwa har mai takan ƙara sha. Maganin shi ne sabuwar matata. Cire ta gaba ɗaya, kamar yadda wasu ke yi don inji ya sha iska, tamkar zuba wa ringi da silinda samfefa ne.

Na biyu zafi. Iska mai zafi ba ta da nauyi. Lita ɗaya ta iska a digiri 40, irin ranar watan Afrilu a Haɗeja, ta kasa ta digiri 20 nauyi da kusan kashi 6 cikin 100. Ƙarƙashin bonet kuwa zafin ya fi haka. Wanda ya jefar da akwatin matata ya ɗaura buɗaɗɗiyar matata kusa da inji, ya sa motarsa shaƙar iskar tanderu, ga ƙara mai daɗin ji amma ƙarfi ya ragu.

Na uku ruwa. Ba mu manta ambaliyar 2020 da ta 2022 ba, lokacin da hanyoyi da dama a masarautar nan suka koma tafki. Inji na matse iska, amma ruwa ba ya matsuwa. Idan bakin tiyo ya zuƙi ruwa, sandar fistin na iya lanƙwashewa nan take, inji ya buga. Duk wanda ya sauke bakin tiyon ƙasa don neman iska mai sanyi, ya tuna damina na tafe.

Abin da za ka iya yi a gida

Akwai aikin da ya halatta, da izinin mai mota. Kashe inji, zare makulli, bar shi ya huce. Buɗe akwatin matata ka ɗaga ta wajen hasken rana. Idan haske ba ya ratsa ta, ta gama aiki. Duba tiyon ko ya tsage, domin iskar da ta shiga ta tsaga ba ta bi ta matata ba. Sannan leƙa maƙogwaron. Baƙin dattin da za ka gani tururin baƙin mai ne da ƙura, shi ke sa mota mutuwa a silo. A goge shi da tsumma mai laushi da ruwan wankin da aka yi domin wannan aiki, nesa da wuta. Kada a kankare da ƙarfe, kada kuma a taɓa na'urar auna iska da ke kan tiyo. Idan faifan na lantarki ne, kada ka tura yatsa ciki makulli na kunne, kuma bayan wanki wasu motoci sai an sake saita musu silo da kwamfuta, aikin bakanike ke nan.

Mai son ya gwada hannunsa, ba zan hana shi ba, domin ƙasar nan na buƙatar masu irin wannan ƙaiƙayin hannu. Ya nemi mataccen maƙogwaro wurin 'yan gwangwan, ya auna, ya kwance, ya goge, ya ga da idonsa yadda haske ke ratsa gefen faifan bayan gogewar. Ya yi hutun zango a gareji, ko ya zaɓi gareji idan lokacin SIWES ya zo. Ya roƙi maigidan ya nuna masa yadda ake jona na'urar OBD, wadda ke karanta yawan iska da buɗewar totur mota na aiki. Ɗalibai mata ma da ku nake, na'urar nan lissafi take nema, ba ƙwanji ba.

Ga aikin gida: babur mai cc 100 yana juyi 4,000 a minti, yana cika cikinsa sau ɗaya a juyi biyu. Iyakar lita nawa ta iska zai zuƙa a minti ɗaya? Ku aiko da amsa tare da sunan makarantarku. Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.