Tallafin Makamashi: Darasin Zafin Ƙarƙashin Ƙasa ga Nima da Maamobi

Gwamnatocin ƙasashe masu tsananin sanyi sun daɗe suna ware kuɗin jama'a domin a haƙo zafin da ke cikin ƙasa a ɗumama gidaje da shi, kuma ko da yake birnin Accra, inda da wuya ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 20 ko a tsakiyar hunturu, ba ya bukatar ɗumama ɗaki, akwai darasi mai nauyi ga zangonninsa a cikin yadda aka tsara wannan tallafi. Wannan jarida tana ganin cewa abin da ya kamata Nima da Maamobi da Sabon Zango da Fadama su ɗauka daga wannan tarihi shi ne ƙa'idar da ya ginu a kanta, wato hukuma ta ɗauki nauyin kuɗin farko da kasadar da gida ɗaya ba zai iya ɗauka ba, ta gina wa unguwa sukutum tushen makamashi guda, sa'an nan mazauna su riƙa biyan abin da suka yi amfani da shi.

Abin da ake nufi da zafin ƙarƙashin ƙasa shi ne ɗumin da ke ƙaruwa gwargwadon yadda aka nutsa cikin ƙasa, wanda a mafi yawan wurare yakan ƙaru da digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita guda, amma ya ninka haka a yankunan duwatsu masu aman wuta. Idan aka haƙa rijiyar burtsatse mai zurfi aka tarar da ruwan da wannan ɗumi ya zafafa, akan jawo shi a tura ta bututu zuwa gidaje da makarantu da asibitoci na unguwa gaba ɗaya, kuma wannan tsari na raba zafi daga tushe guda shi ake kira ɗumama unguwa. Wahalarsa tana farkonsa, domin haƙa rijiya ɗaya yana cin miliyoyin daloli tun kafin a tabbatar ko za a sami ruwan, kuma babu bankin da ke son ba da rance a kan abin da ido bai gani ba. Da zarar an dace kuwa, rijiyar takan yi aiki shekaru masu yawa ba tare da an sayi mai ko kwal ba.

Ƙasar Aislan ce ta fi kowace nuna yadda ake warware wannan matsala. Birnin Reykjavik ya fara tura ruwan zafi ta bututu a 1930, amma aikin bai game ƙasar ba sai da gwamnati ta kafa Asusun Makamashi a 1967, wanda yake bai wa ƙananan hukumomi rancen haƙa rijiya bisa sharaɗin cewa idan ba a sami ruwan zafi ba za a yafe wani kaso na bashin ya koma tallafi. Da farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a 1973, sai garuruwa suka rungumi wannan hanya, har ya kai ga kusan gidaje tara cikin goma na ƙasar da zafin ƙasa ake ɗumama su a yau. Faransa ma ta kafa asusun lamuni irin wannan a farkon shekarun 1980 domin rijiyoyin kewayen birnin Paris, waɗanda ke jawo ruwa daga zurfin mita 1,500 zuwa 2,000, kuma da yawa daga cikin masu cin moriyarsu mazauna gidajen haya ne na masu ƙaramin ƙarfi. A nahiyar Afirka, Kenya ta fara samar da lantarki daga tururin Olkaria a 1981, ta kuma kafa kamfanin gwamnati a 2008 domin ya ɗauki kasadar haƙa, kuma a yau kusan rabin lantarkin ƙasar daga wannan tushe yake fitowa.

Gaskiya ta wajabta a faɗi cewa Ghana ba Kenya ba ce ta fuskar yanayin ƙasa. Kenya tana kan babban tsagin da ya ratsa gabashin Afirka, inda zafin ciki ya matso kusa da doron ƙasa, alhali yammacin Afirka yana zaune a kan tsofaffin duwatsu da suka daɗe da hucewa. Maɓuɓɓugan ruwan ɗumi da aka sani a yankin, kamar Wikki a gandun dajin Yankari na jihar Bauchi, wanda zafinsa bai wuce digiri 31 ba, da Tafadek a arewacin Agadas, wuraren wanka da neman lafiya ne. Saboda haka wannan jarida ba ta kira da a zuba kuɗin talakawa a haƙa rijiyar zafi a Nima. Bukatar zango ta zafi tana kan murhu, kuma bukatarsa ta sanyi tana cikin ɗakunan kwano da ke ƙuna daga Fabrairu zuwa Afrilu.

Duk wanda ya san Nima, wadda ta samo asali a farkon shekarun 1930 lokacin da Malam Amadu Futa ya sami filin daga mutanen Osu, ya san cewa girki yana cikin manyan sana'o'inta. Tun kafin asuba mata suke hura wuta domin koko da ƙosai, da shinkafa da wake wadda Ghana duka ta ara daga zango take kira waakye, da tuwon zafi, kuma mafi yawan wannan wuta ta gawayi ce da itace da ake ɗaukowa daga dazuzzukan tsakiya da arewacin ƙasar. Kuɗin gawayi yana cinye riba, hayaƙi yana cinye huhu da idanu na mai girki da na ɗan da ke goye a bayanta, kuma kowane buhu da ya iso kasuwar Nima ko ta Malam Atta yana nufin an sare itatuwa a wani wuri. Gwamnati ta ɗaura aniyar rabin jama'ar ƙasar su koma girki da iskar gas kafin 2030, kuma bayan fashewar da ta auku a Atomic Junction kusa da Madina a watan Oktoba na 2017 ta fito da tsarin musayar tukwanen gas, amma matar da ke zaune a ɗaki guda da 'ya'yanta a cikin lungu mai cunkoso ba ta da wurin ajiye babbar tukunya cikin aminci.

A nan ne kuskuren tallafin da aka saba bayarwa yake bayyana, domin kusan kullum ana tsara shi ne da mai gida ɗaya da mita ɗaya a zuciya. Shirin sola na kan rufi da Hukumar Makamashi ta ƙaddamar a ƙarshen shekarun dumsor, wato ƙatsewar wuta da ta addabi ƙasar daga 2012 zuwa 2016, ya ba da farantan sola na wat 500 kyauta ga wanda ya fara sayen batura da sauran kayan haɗi da kuɗinsa, sharaɗin da ɗan haya marar rufin kansa ba zai iya cikawa ba. Haka kuma rangwamen kuɗin wuta da aka tanadar wa masu ƙarancin amfani yakan kuɓuce wa gidan haya mai ɗakuna goma ko ashirin a kan mita guda, domin idan aka haɗa amfanin iyalai da yawa sai lissafin ya haye matakin masu hali. Ta haka ne wanda aka yi tallafin dominsa yakan zama na ƙarshen samu.

Abin ƙarfafa gwiwa shi ne Ghana tana da dokokin da za a iya gyara wannan da su. Dokar Makamashi Mai Sabuntawa ta 2011, wato doka ta 832, ta tanadi asusu na musamman domin tallafa wa irin waɗannan ayyuka, kuma Dokar Asusun Raya Zangonni ta 2017, doka ta 964, ta kafa hukumar da aikinta kacokan shi ne gina unguwannin zango. Asusun na zangonni ya yi azuzuwa da rijiyoyin burtsatse da fitilun titi da filayen ƙwallo, ayyukan da ba a raina su ba, amma bayan an rushe Ma'aikatar Raya Cikin Birane da Zangonni a 2021 sai muryar zango ta ragu a majalisar ministoci. Akwai kuma misali na kusa a Ashaiman, inda masana'antar Safisana take karɓar bayan gida daga makewayin jama'a da sharar kasuwa tun 2017, tana rufe su a cikin babban tanki har su ruɓe su fitar da iskar gas, wadda ake mayarwa lantarki, ragowar kuma ta zama taki. Unguwar da dubban mutane suka dogara da makewayin kuɗi, wadda kuma babbar kwatarta ta Nima ke cika da shara kowace damina, tana zubar da makamashin da take saye da tsada a wani gefen.

Don haka wannan jarida tana ba da shawarar a ware wani kaso tsayayye na Asusun Raya Zangonni, a haɗa shi da asusun makamashi da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Makamashi, domin ayyukan da unguwa za ta mallaka tare. Daga cikinsu akwai ɗakunan girki na haɗin gwiwa a kusa da kasuwanni, masu tankin gas guda da aka killace bisa ƙa'ida, inda mai sayar da abinci za ta biya kuɗin murhu na sa'o'in da ta yi. Da farantan sola a rufin masallatai da makarantun Islamiyya da asibitoci da rumfunan kasuwa, waɗanda za su ba da wuta ga firjin ajiye kifi da nama da magani. Da tankunan dafa ruwa da hasken rana a gidajen wanka na jama'a. Da tankunan iskar gas a manyan makewayi. Hukuma ce za ta biya kuɗin binciken farko da na gini, ta kuma ɗauki asara, kamar yadda aka yi a Aislan, idan gwajin farko bai yi nasara ba, amma kuɗin gyara da albashin masu kula daga aljihun masu amfani za su fito, domin aikin da ba a biyan komai a kansa yakan mutu ranar da famfonsa na farko ya lalace.

Za a iya cewa ƙasar da ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje a Disamba 2022, ta kuma shiga shirin rancen dala biliyan 3 na Asusun Ba da Lamuni na Duniya a Mayu 2023, ba ta da rarar da za ta yi kyauta da ita. Wannan magana tana da nauyi, amma akwai bambanci tsakanin tallafin da ake ci kowane wata ya ƙare da tallafin da ake bayarwa sau ɗaya ya bar gini mai aiki shekara ashirin. Sharaɗin kawai shi ne a tsare amana: a riƙa buga sunan kowane aiki da kuɗinsa da ɗan kwangilarsa, a ba da aikin ga ƙungiya mai rajista wadda ta haɗa masu gidaje da 'yan haya da mata masu sana'a, a kuma horar da matasan unguwar su zama masu haɗawa da gyarawa tun kafin a kawo kayan.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma zango ya san haka tun daga adashi har zuwa ginin masallaci. Wannan jarida tana kira ga 'yan majalisar Ayawaso ta Gabas da Ayawaso ta Arewa, da majalisun ƙananan hukumomin biyu, da sarakunan zango, da ofishin Babban Limamin Ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, da su haɗa murya su nemi a sanya aikin gwaji guda a Nima da guda a Maamobi cikin kasafin kuɗi mai zuwa, a kuma bayyana wa jama'a sakamakonsa bayan shekara ɗaya ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Matan da suke ciyar da Accra tun kafin gari ya waye sun cancanci wuta mai sauƙin kuɗi wadda ba ta cutar da lafiyarsu, kuma hukuma tana da dokar da za ta samar musu da ita.