Haruffan ɗigo-ɗigo sun dawo, amma ina ƙ, ɗ da ɓ?

Duk mai zagaya Yelwa da Gubi ya ga yayin da ake yi yanzu: fastocin zaɓen ƙungiyar ɗalibai da rigunan 'yan ajin ƙarshe an koma rubuta su da haruffan nan masu kama da na allon Nokia 3310. Ni dai suna burge ni. Wayar nan ta 2000, allonta ɗigo 84 ne a kwance, 48 a tsaye, amma kowa ya karanta saƙonsa lafiya lau.

Sai dai ba don ado aka ƙirƙiro su ba. A da yawa daga cikin irin wannan salon, kowane harafi faɗinsa ɗaya da ɗan uwansa, "i" siririya da "m" mai ƙiba gida ɗaya suke ci. Gadon tafireta ne, irin Courier da Howard Kettler ya zana wa kamfanin IBM a shekarun 1950. Shi ya sa lambobin rasit ɗin POS ke jeruwa sambal, shi ya sa masu rubuta manhaja ba sa rabuwa da su. Mai kyau a cikinsu yana raba sifiri da "O", ya raba 1 da "l". Wanda ya taɓa kwafar lambar RRR a gurguje ya san darajar wannan.

Ga inda nake da magana. Yawancin waɗanda muke saukowa daga intanet babu haruffanmu masu ƙugiya a ciki. Ka rubuta ƙ, sai akwati ya fito, ko wata ƙ baƙuwa daga wani salon daban ta tsaya tsakiyar kalma kamar bare a gidan biki. Mai zane sai ya gaji ya sa "k" kawai. Shi ke nan ƙafa ta zama kafa, ɓari ya zama bari, a jikin rigar da za ka ajiye har 'ya'yanka su gani. Haba!

Kuma matsalar zane ce, ba ta kwamfuta ba, don Unicode ta daɗe da ba su gurbi. A gidan ɗigo 5 da 7, sandar "k" ta riga ta taɓo sama, ƙugiya ba ta da wurin zuwa sai gefe, kuma ɗigo ɗaya ko biyu ne za su raba ɗ da d. A gidan 8 da 16 kuwa akwai sarari. GNU Unifont, wanda Roman Czyborra ya fara a 1998, da wannan ma'aunin ya zana su duka.

To 'yan Kimiyyar Kwamfuta da masu Zane, maimakon furojet na ɗari a kan manhajar ɗaukar sunayen ɗalibai, me zai hana mutum biyu su zauna su zana mana namu, har da ƴ ta 'yan uwanmu na Nijar, su sake shi kyauta? Takarda mai gida-gida da fensir sun isa a fara. Mai sha'awa ya yi magana a ƙasa.