Daga Dala Zuwa Mol: Aikin da Lissafin Kimiyyar Sinadarai Yake Jira Daga Masana Harshe

A kasuwar Dakoro, garin da ke arewa da Maraɗi inda gonakin gero suke haɗuwa da ƙasar makiyaya, yaro ɗan shekara goma yakan yi wani lissafi sau da yawa a rana ba tare da ya san yana da suna ba. Takardar kuɗin da ke hannunsa ta ce 500, bakinsa kuwa ya ce dala ɗari. Idan mai saye ya miƙo 750, nan take zai ce dala ɗari da hamsin. Ya raba da biyar a ka, domin kowa a Nijar ya san dala ɗaya tana daidai da sefa biyar. Bai taɓa rikita abin da aka rubuta da abin da ake faɗa ba.

Bayan shekara goma, idan Allah ya sa ya ci jarrabawar bakaloriya, mai yiwuwa yaron nan ya sami kansa a ajin farko na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi. A can za a ba shi tambaya cikin Faransanci: mol nawa ne a cikin giram 120 na takin yuriya, alhali mol ɗaya yana da giram 60? Amsar ita ce biyu, kuma hanyar samunta ita ce hanyar dala: a raba da adadin da ke haɗa ma'aunan biyu. Amma malaman da suka taɓa duba takardun 'yan ajin farko sun san yadda wannan tambaya take kayar da ɗalibai masu kaifin basira. Wani zai ninka a inda ya kamata ya raba, wani zai rubuta ƙa'idar da ya haddace ya zuba lambobi a cikinta yana fatan dacewa.

Ra'ayin da wannan maƙala take karewa shi ne: babban abin da yake tare wa irin wannan ɗalibi hanya jimla ce, ba lamba ba. Saboda haka matsalar ta shafi sashen nazarin harshe kamar yadda ta shafi sashen kimiyya, kuma akwai aikin da ya rataya a wuyan ɗaliban harshe wanda ba wanda zai yi musu shi.

Kowace tambayar lissafi a kimiyyar sinadarai tana da matakai uku. Na farko, a fahimci abin da aka bayar da abin da ake nema. Na biyu, a gano dangantakar da ke tsakaninsu. Na uku, a ninka ko a raba. Mataki na uku ne kaɗai lissafi tsantsa, kuma ƙaramar na'urar lissafi tana gamawa da shi cikin ƙiftawar ido. Matakai biyun farko aikin harshe ne: sanin wanne aka narkar a cikin wanne, wanne ya yi saura, wanne ya fara ƙarewa, da abin da ake nufi idan an ce kaza a cikin kowace lita. Ɗalibin da yake fama da ginin jimlar baƙon harshe a lokacin da yake fama da sabon tunani yana ɗauke da kaya biyu a kai ɗaya. Idan ya gaji, sai ya sauke fahimta ya riƙe hadda.

Tarihin wannan fanni da kansa shaida ne. A shekarar 1787, masana huɗu a Faransa, wato Guyton de Morveau da Lavoisier da Berthollet da Fourcroy, suka fitar da sabon tsarin sanya wa sinadarai suna, suka ture tsofaffin sunaye masu ruɗarwa da aka gada. Shekara biyu bayan haka Lavoisier ya wallafa littafinsa na koyar da tushen fannin, kuma a gabatarwarsa ya bayyana cewa gyaran sunaye ya sa gaba, sai aikin ya rikiɗe masa ya zama littafin kimiyya. Ita kanta kalmar mol, Bajamushe Wilhelm Ostwald ne ya gutsuro ta daga kalmar Jamusanci a ƙarshen ƙarni na 19, kuma sai a 1971 ta shiga jerin manyan ma'aunan duniya. Faransancin da ake koyar da kimiyya da shi a Dakoro ba haka ya faɗo daga sama ba. Mutane ne suka zauna suka sassaƙa shi.

Hausa kuwa ba za ta fara daga hannu wofi ba. Rabon gado da fitar da zakka sun daɗe da ba ta rabi da sulusi da rubu'i da humusi da sudusi da sumuni da ushiri. Kasuwa ta ba ta tiya da mudu da buhu da dami. Sa'ad da matafiyin nan Heinrich Barth ya sauka Tasawa a 1851, ya tarar ana ƙirga wuri dubu ɗari biyar da hannu, biyar-biyar, ana tara su tsibi-tsibi. Al'ummar da ta yi irin wannan ƙirga ba za a ce manyan lambobi baƙinta ne ba.

A ɗauki mol ɗin da yake firgita ɗalibai. Ma'anarsa ƙidaya ce: adadin ƙwayoyi 6.022 × 10²³ na kowane abu. Dillalin goro ya san irin wannan tunani, domin ƙwaryar goro ɗari ce, ko manya ne ko ƙanana. Ƙwaryar manyan goro ta fi ta ƙanana nauyi, amma adadinsu ɗaya. Haka mol ɗin ruwa yake da giram 18, na gishiri giram 58.5, na yuriya giram 60, alhali yawan ƙwayoyin bai canza ba. Tiya kuma tana koyar da wani darasin dabam. Ita ma'aunin cika ce, shi ya sa tiyar gero da tiyar gyaɗa mai ɓawo ba sa zuwa daidai a kan sikeli. Duk matar da ta taɓa awo ta san bambancin cika da nauyi da ƙidaya, kuma a kan waɗannan ukun ne rabin darasin ajin farko ya ginu.

Ga misalin cikakkiyar tambaya. Manomi ya sayi buhun yuriya mai kilo 50, an rubuta 46 a jikinsa. Me lambar take nufi? Ƙwayar yuriya, CO(NH₂)₂, tana da kabon ɗaya mai 12, oksijin ɗaya mai 16, naitirojin biyu masu 14 kowanne, da haidirojin huɗu masu 1 kowanne. Jimla 60 ke nan, kuma 28 daga ciki na naitirojin ne. In aka raba 28 da 60 za a sami kusan kashi 46.7 cikin ɗari. Ke nan abin da shuka take nema a buhun bai wuce kilo 23 da 'yan kai ba. An warware tambayar daga farko har ƙarshe cikin Hausa, kuma babu alamar kimiyya ko ɗaya da aka sauya.

Haka batun sinadarin da yake iyakance sakamakon haɗi. Tela yana da yadi ashirin da maɓallai goma sha biyar, kowace riga tana cin yadi huɗu da maɓalli biyar. Riga uku zai ɗinka, yadi takwas ya yi saura, domin maɓalli ne ya fara ƙarewa. Idan aka kira irin wannan sinadari mai fara ƙarewa, sunan ya riga ya yi rabin bayanin.

Sai dai ba daidai ba ne a yi wa Hausa kirari a tsaya nan. Maganar yau da kullum tana haɗa abubuwan da kimiyya take rabawa, kuma a nan ne aikin masana harshe yake. Bahaushe yana cewa man shanu ya narke a rana, yana kuma cewa gishiri ya narke a ruwa, alhali na farko zafi ne ya mai da daskararre ruwa-ruwa, na biyu kuwa ƙwayoyi ne suka watsu cikin wani abu. Kalmar nauyi tana ɗauke da yawan abin da ke jikin abu da kuma jan da ƙasa take yi masa. Zafi yana nufin abin da ake aunawa da ma'aunin zafi, yana kuma nufin makamashin da yake ƙaura daga wuta zuwa tukunya. Iska ita ce wadda ake shaƙa, ita ce wadda take kaɗawa, ita ce kuma kowane abu mai halin hayaƙi. Ruwa na sha ne, kuma duk abin da yake malala ruwa ne. Sinadari kuwa ya zama jakar magori: da tushen abu wanda ba ya rabuwa, da haɗaɗɗen abu, da kayan miya, duk an zuba su a ciki. Ba a iya rubuta tambayar jarrabawa da kalmomin da ba su da iyaka. Wannan ba aibin Hausa ba ne, domin ko Bafaranshe a gidansa yakan yi amfani da kalma ɗaya ga narkewar sukari da ta ƙanƙara. Bambancin shi ne an shata wa harshensa iyakoki a aji, na Hausa kuwa ba a gama shatawa ba.

Akwai kuma matsalar kan iyaka. Ɗalibin Maraɗi yana rubuta 58,5 da waƙafi, na Katsina yana rubuta 58.5 da ɗigo. Abin da ɗan Kano zai karanta dubu, wato 1,000, ɗan Dakoro zai karanta shi ɗaya. Wannan ba wasa ba ne. Ruwan gishirin da ake ƙara wa marar lafiya a asibiti yana da giram tara a kowace lita, wato 0.9 cikin ɗari. Ɗaliban da suke zaune a ajin farko yau, su ne gobe za su haɗa magani, su tsarma maganin ƙwari, su auna abin da ake zuba wa ruwan sha, su yi wa garken shanu allura. Waƙafin da ya kauce wurinsa yana iya ninka magani sau goma. Taron Yamai na 1980 ya yi ƙoƙarin daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa tsakanin Nijar da Nijeriya. Rubutun lambobi da sunayen ma'aunai suna buƙatar irin wannan zama.

Masu adawa da wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma ya kamata a saurare su. Suna cewa kimiyya ta duniya ce, jarrabawa da littattafai da mujallu duk cikin Faransanci da Ingilishi suke, don haka koyar da ɗalibi da Hausa tsare shi ne a gida. Suna ƙara da cewa a gundumar Dakoro akwai Fulani da Abzinawa waɗanda Hausa ba harshen uwa ba ce a gare su.

Amsar hujjar farko ita ce, abin da yake na duniya a wannan fanni alamomi ne da ma'aunai: Na da Cl, giram da lita da mol. Ɗalibin Japan da na Turkiyya da su suke aiki, amma bayanin da ke kewaye da su cikin harshensu ake yi. Ba a neman a taɓa alama ko ɗaya, ba a kuma neman a kori Faransanci daga aji. Abin da ake nema shi ne ɗalibi ya fara fahimtar tambaya cikin harshen da yake tunani da shi, sannan ya rubuta amsa cikin harshen jarrabawa. Gwajin shekara shida da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarabanci ba su gaza takwarorinsu ba, har ma a Ingilishi. Nijar ma ta fara makarantun gwaji masu harshe biyu tun 1973 a Damagaram. Hujja ta biyu kuwa gaskiya ce, kuma maganinta shi ne a yi wa Fulfulde da Tamashek irin wannan aikin. Kafin nan, ɗan makiyayin da yake cinikin dabbobi da Hausa tun yana ƙarami ya fi kusa da ita fiye da harshen da yake ji a aji kawai.

Lokacin ma ya yi. A watan Maris na 2025, kundin da hukumomin Nijar suka ƙaddamar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Amma doka ba ta ƙirƙiro kalma, ba ta kuma rubuta littafi. Idan harshen ƙasa bai iya ɗaukar tambayar ajin farko ta kimiyya ba, matsayinsa zai tsaya a takarda.

Ɗaliban harshe sun san daɗin irin wannan aiki, domin an yi musu shi. Littafin keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda ya fito a 1990, yana daga cikin dalilan da suka sa a yau ake tattauna tsarin sauti da ginin jimla cikin Hausa ba tare da tuntuɓe ba. Bashi ne, kuma hanyar biyansa ita ce a yi wa wani fanni makamancinsa.

Ba a buƙatar jiran hukuma. Mai neman batun kundin digiri zai iya ɗaukar na'urar naɗar magana ya nufi kasuwar Dakoro, ya tattara yadda mai awo da mai nono da dillalin dabbobi suke furta rabo da ninki da tsarmawa. Wani ya zauna da malamin kimiyya su zaɓi tambayoyi ɗari na ajin farko, su warware su cikin Hausa mataki-mataki, su gwada a kan 'yan makarantar lise, su ga wace kalma ta zauna, wace ta zame. Jerin kalmomi kaɗai ba zai wadatar ba, domin a cikin jimla ake gane kalmar da za ta rayu. Hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka: masanin harshe shi kaɗai zai ƙirƙiro kalma mai daɗi marar daidai, masanin kimiyya shi kaɗai zai kawo mai daidai wadda baki ba ya iya ɗauka.

Jami'ar Maraɗi, wadda aka kafa a 2010, tana ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, masanin kimiyyar sinadarai wanda ya riƙe ma'aikatar ilimi ta Nijar, ya kuma shugabanci hukumar haɗin kan ƙasashe masu amfani da Faransanci daga 1974 zuwa 1982. Ya kai ƙololuwa ta hanyar baƙon harshe, a zamanin da babu wata hanyar. Yaron da ke kasuwar Dakoro ya riga ya iya raba 750 da biyar. Abin da ya rage shi ne a samo masa jimlar da za ta nuna masa cewa raba 120 da 60 aikin da ya saba ne.