Hunturu ya shigo: a bar direba ya tafi sannu

Duk shekara, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu kan kwaso ƙura daga kwarin Bodele da ke arewacin Cadi ta rufe mana sama, har wata rana jirage su kasa sauka a Kano. To amma jirgi yana da mai hana shi tashi, motar kasuwa kuwa ba ta da shi. Ga shi a daidai wannan lokaci ne wake da aya da riɗi ke shigowa, hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa da Jibiya, da ta Birnin Ƙwanni zuwa Illela, su cika maƙil da lodi.

A ƙasashen da sanyi ke daskarar da ruwa a kan kwalta, hunturu lokaci ne na fargaba. Ranar 11 ga Fabrairun 2021, motoci sama da 130 suka yi ta afka wa juna a birnin Fort Worth na jihar Texas a Amurka, mutum 6 suka rasu. Dalili kuwa shi ne ƙanƙara mara kauri da ta shafe hanya, wadda ido ba ya gani sai an taka birki mota ta ƙi tsayawa. Saboda irin wannan ne dokar tuƙi ta Ingila ke gargaɗin cewa a kan ƙanƙara, tazarar da mota ke bukata kafin ta tsaya na iya ninkawa har sau 10. A Jamus kuma, tun 2010 doka ta hana hawa hanya mai ƙanƙara ba tare da tayoyin hunturu ba. Wato su idan yanayi ya sauya, tuƙinsu ma sauyawa yake yi.

Mu nan ba mu da ƙanƙara, amma muna da hazo, kuma lissafin ɗaya ne: direba ba ya samun damar tsayawa kafin ya isa ga abin da ke gabansa. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Idan hazo bai bar direba ya hango fiye da mita 50 ba, daƙiƙa 2 kacal ke tsakaninsa da amalanke, ko garken shanu, ko babbar motar da ta mutu a hanya aka zuba mata ganye a baya. Kuma idan aka ninka gudu sau 2, tazarar birki ninkawa take sau 4, balle an danƙara buhuna har sama.

Mun saba ɗora laifi kan direbobi da lalacewar hanya, kuma da gaskiyarmu. Amma ƴan'uwa ƴan kasuwa, a faɗi gaskiya komai ɗacinta: wa ke cewa sai an tashi kafin asuba don a riski kasuwar Alhamis ta Maigatari da sanyin safiya? Wa ke cewa a ƙara buhu 10, ai ba nisa? Wa ke yi wa direba gori idan wata mota ta wuce shi? Direban da bai runtsa ba, ya rufe gilasai saboda sanyi, barci ke jiransa, wani kuma ya nemi taimakon tiramol. Mai kaya yana da hannu a cikin wannan.

Akwai kuma batun taya. Tayoyin hunturun da ke ceton rai a Turai, idan sun tsufa, da yawansu kasuwanninmu ake kawo su gwanjo. Robarsu mai laushi ce, don sanyi aka yi ta. A kan kwalta mai zafi saurin cinyewa take, birki kuma ya ƙara tsawo. Ana gane su da zanen dutse mai ƙanƙara a tsakiya. A duba kuma lambobi 4 na ƙarshe da ke bayan haruffan DOT a gefen taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Araha ba ta ado.

Wani zai ce haɗari ƙaddara ce. Haka ne, amma babu wanda ke barin shagonsa buɗe da dare ya ce ya bar wa ƙaddara. Shawarata ita ce, ranar da hazo ya yi kauri a jinkirta tafiya har gari ya waye sosai, ko a kwana a garin kasuwa tun jajibiri. A kunna ƙaramar fitila ko da rana, domin babba ƙura ke mayar da haskenta cikin ido. Kada a wuce wata mota idan ba a hangen gaba. Motar da ta lalace a fitar da ita daga kwalta, a sa alamar da ke ƙyalli nesa da ita.

Shugabannin tasha su hana motar da ba ta da fitilun baya ɗaukar lodi. Jandarmomi da jami'an kiyaye haɗura na ɓangarorin biyu su dubi taya da birki kamar yadda suke duban takardu. Mai kaya kuma ya tuna cewa kasuwar da ta wuce shi wannan mako za ta ci mako mai zuwa. Sauri ya haifi nawa. Allah ya kai kowa gida lafiya.