Shekarun da Ke Gabanin Lakwal

A ƙasar Jugu ta Jamhuriyar Benin, wadda kakanninmu fatake suka sani da zango a kan hanyar goro tsakanin Kano da Gwanja, yaro yakan kai shekara biyar ko shida yana jin harshe biyu, wani ma uku, domin a gida ana yi masa Yom ko Lokpa ko Fillanci, a kasuwa ya tsinci Dendi, a unguwar baƙi kuma Hausa. Sa'an nan ranar da aka kama hannunsa aka kai shi lakwal, aka zaunar da shi a ajin farko da ake kira CI, sai ya tarar duk waɗannan ba su da kujera a ajin, ana yi masa magana da Faransanci, harshen da uwarsa ba ta taɓa kiransa cin tuwo da shi ba. Idan ya yi tsuru-tsuru, wata ya bi wata bai buɗe baki ba, sai a yanke masa hukuncin daƙiƙanci, alhali kuwa shi ne wanda jiya, a gonar doya ta ƙauyen Bariyenu, yake ƙirga kunya yana gaya wa ƙanensa wadda aka shuka da wadda ta rage.

Maganin da kowa ke ambato shi ne makarantar ƙananan yara, wadda hukuma ke kira maternelle. Dokar ilimi ta 2003 ta tanadi shekara biyu dominta, tun yaro yana da shekara biyu da rabi, kuma a 2006, zamanin Shugaba Boni Yayi, aka yafe kuɗinta tare da na firamare a makarantun gwamnati. Wannan alheri ne. Amma ni abin da ke damuna shi ne fahimtar da muka yi wa al'amarin, domin a birnin Paraku mahaifi yakan biya kuɗi mai tsoka a makarantar 'yan kasuwa, muradinsa bai wuce ɗansa mai shekara uku ya dawo yana rera baƙaƙen Nasara yana gaida baƙi da Faransanci ba, shi kuwa manomin Bariyenu, da ya ga ba shi da halin wannan, sai ya ɗauka ɗansa ya riga ya yi asara. Ina ganin duka biyun sun yi kuskure, hujjata kuwa tana cikin binciken da masana suka yi.

A 1962, a wani gari mai suna Ypsilanti a jihar Mishigan ta Amurka, wani malami, David Weikart, ya fara gwaji da 'ya'yan talakawa baƙar fata 123 masu shekara uku zuwa huɗu. Aka sa 58 a makarantar Perry, suna zuwa sa'a biyu da rabi kowace safiya, malamarsu kuma tana ziyartar gidansu sau ɗaya a mako. Sauran 65 aka bar su yadda suke. Da farko waɗanda aka koyar sun yi fintinƙau a jarrabawar kaifin basira, amma bayan 'yan shekaru a firamare ratar nan ta shuɗe, har wasu suka ce an yi aikin banza. Da yake masu binciken mutane ne masu haƙuri, sai suka ci gaba da bin sawun yaran har suka kai shekara 40, a nan ne kuwa gaskiya ta bayyana: waɗanda suka yi makarantar sun fi kammala sakandare, sun fi samun abin hannu, kuma waɗanda aka kama da laifi sau biyar ko fiye kashi 36 ne cikin ɗari a cikinsu, alhali a ɗaya ɓangaren kashi 55 ne. James Heckman, masanin tattalin arziki da ya sami lambar Nobel a 2000, da ya sake tahaƙiƙin alƙaluman, sai ya nuna cewa galibin fa'idar daga gyaruwar ɗabi'a ta fito, watau natsuwa, da kame kai, da iya zama da mutane. Wannan shi ne abin da malamanmu suke kira tarbiyya tun fil azal.

Gwaji na biyu ya fi kusa da halinmu, domin babu gini a cikinsa ko kaɗan. A birnin Kingston na Jamaika, tsakanin 1986 da 1987, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki jarirai 129 waɗanda rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar da su. Wasu daga cikinsu, ma'aikaciyar lafiya takan je gidansu sau ɗaya a mako har shekara biyu, ta zauna da uwa sa'a guda, ta nuna mata yadda za ta yi wasa da ɗanta da kayan wasan da aka haɗa a gida, ta riƙa kiran sunayen abubuwa tana yaba masa idan ya gane. Bayan shekara 20, da aka nemo su, sai aka tarar abin da suke samu a wajen aiki ya ɗara na 'yan'uwansu da ba a yi wa ziyarar ba da kimanin kashi 25 cikin ɗari. Abin da zai ba mai karatu mamaki, rukunin da aka ba madara kaɗai ba tare da wasan ba, ba a ga irin wannan tasiri mai ɗorewa a kansu ba.

To, idan an haɗa waɗannan biyu, abin da ya fito fili shi ne, abin da ke gina ƙaramin yaro babba ne mai sakin fuska wanda zai zauna da shi, ya yi masa magana, ya saurari amsarsa, kuma ba shakka wannan ba ya yiwuwa sai da harshen da yaron ke ji. Mukan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sai dai da yawanmu mun ɗauki karin maganar nan izinin tsumagiya ne. Ibn Khaldun, a cikin Muƙaddimarsa, ya ware fasali guda yana bayanin yadda tsanantawa ga ƙananan almajirai ke kashe musu himma, ta koya musu ƙarya da ha'inci saboda tsoro. Ya faɗi haka tun a ƙarni na 14, ba da alƙaluman Heckman a hannunsa ba.

Ƙasar nan ma ta taɓa kama bakin zaren. Gyaran ilimi na 1975, a zamanin Mathieu Kérékou, ya haifar da cibiyoyin da ake kira CESE, inda ake raino da wasa da waƙa cikin harsunan ƙasa, kuma kome mutum zai ce game da siyasar wancan zamani, wannan tunani daidai ne. Musulmin Mombasa a Kenya kuwa, tun 1986, da taimakon Gidauniyar Aga Khan, suka buɗe azuzuwan ƙanana a jikin madarasunsu, aka horar da matan unguwa su zama malamai, har shirin ya ƙetara Zanzibar da Uganda. Ban ga abin da zai hana makarantun allo na Jugu, waɗanda yara ke taruwa a cikinsu safe da yamma ba tare da an roƙi iyayensu ba, su ƙara wa ƙanana sa'a guda ta tatsuniya da ƙirga da kacici-kacici a ƙarƙashin wata uwa da aka horar, kafin lokacin da za a rubuta musu Basmala a allo ya yi. Makarantar horon malamai tana nan cikin Jugu, ba sai an je Kwatano ba.

Sai dai adalci ya wajabta a ce yara 123 na Mishigan ba 'ya'yan Bariyenu ba ne, kuma wanda ya gina hukunci a kan ƙiyasi kaɗai, alhali yana da ikon dubawa da idonsa, ya gajarta. Ɗan ƙasar nan, Farfesa Leonard Wantchekon, ya nuna ana iya irin wannan aiki a gida, lokacin da ya bi diddigin ɗaliban farko na makarantun zamanin Faransa a Zagnanado da Save da Kandi da Natitingu, har ya gano amfanin karatunsu ya kai ga 'ya'yan 'yan'uwansu. Jami'ar Paraku, wadda aka kafa a 2001, tana da sashen likitanci, tafiyar 'yan sa'o'i ce kuma tsakaninta da Bariyenu. Abin da ake bukata daga gare ta shi ne ta zaɓi ƙauyuka, ta rubuta yara tun daga awon jarirai a asibiti, ta tabbata kowane yana da takardar haihuwa don a san shekarunsa na haƙiƙa, ta jarraba su da Yom ko Dendi a bakin wanda ya iya, sa'an nan ta koma musu a ajin CI, ta sake komawa a shekarar da za su zauna jarrabawar kammala firamare ta CEP.